Black Widow a Allon Waya: Idan Aka Cire Ƙyalƙyali, Me Ya Rage?

A shagunan masu tura fim na Sabon Garin Gusau, finafinan Marvel na cikin waɗanda matasa ke yawan nema. Sai dai kallo a waya yana tona asirin fim. Allo ƙarami ne, ƙarar fashewa ba ta girgiza kowa, don haka abin da ke riƙe mai kallo shi ne labari da mutanen cikinsa. A wannan ma'auni, Black Widow na 2021 ya gaza.

Tun kafin a fara an riga an kashe masa armashi. Natasha Romanoff, wadda Scarlett Johansson ta fito a matsayinta, ta mutu a Avengers: Endgame na 2019, sannan aka koma baya aka ba da labarin abin da ya faru bayan Captain America: Civil War. Mai kallo ya san babu abin da zai same ta.

Duk da haka akwai labari mai nauyi a hannu. A Budapest, Natasha ta tayar da bam don kashe Dreykov, shugaban Red Room, alhali ta san 'yarsa ƙarama tana cikin ginin. Wannan laifi ne da ya isa a gina fim guda a kansa. Amma sai aka nuna uban da 'yar duk sun tsira, aka sauƙaƙa mata nauyin. Yarinyar ce ta zama Taskmaster, mai kwaikwayon salon faɗan kowa, amma kusan ba ta magana, ba a san me take so ba. Shi kuwa Dreykov, sai can kusa da ƙarshe aka ba shi fili, ya tsaya yana bayanin muguntarsa da baki. Hatta tubar 'yan leƙen asirin da yake juyawa, wani jan hayaƙi ne ya kawo ta, ba shawarar zuciyarsu ba.

Wurin da fim ɗin ya fi rai shi ne zaman cin abinci, inda Yelena, wato Florence Pugh, ta nuna zafin gano cewa iyalin da ta ɗauka nata na bogi ne. Mutum huɗu ne a tebur, babu jirgi, babu wuta. Daga nan aka koma rushewar sansani a sararin samaniya, aikin kwamfuta zalla.

Masu kare fim ɗin za su ce ai faɗa aka zo kallo. Amma The Winter Soldier na 2014 shi ma na leƙen asiri ne, cike da faɗa, kuma ana jin tsoron abin da zai faru saboda abokin gabar aminin jarumin ne.

Darasin ya shafi matasan Gusau, Tsafe da Bungudu masu haɗa gajerun bidiyo da CapCut ko KineMaster. Manhaja mai kyan fuska wadda ba ta aiki, a ranar ake goge ta. Haka fim yake. Kafin a kwana ana koyon sa wuta a tafin hannun jarumi, a zauna a rubuta abin da yake so, da abin da yake tsoro, da abin da zai rasa. Wannan ba ya cin data, kuma kuɗin Marvel bai iya sayensa ba.