Sanarwar Bayan Taron Malaman Firamare na Diffa da Kwarin Komadugu kan Koyar da Kowane Yaro da Ƙara wa Malami Sani



Ƙungiyarmu ta malaman makarantun firamare na garin Diffa da ƙauyukan bakin Komadugu ta yi zamanta a ƙarshen makon nan a garin Diffa. Diraktocin makarantu sun halarta, da malamai ma'aikatan gwamnati da ƴan kwantaragi, da masu ba malamai shawara kan dabarun koyarwa. Mun gayyaci wakilan kwamitocin kula da makarantu na COGES, da uwayen yara, da wasu ƴan uwanmu makafi da kurame da guragu, kuma sun amsa gayyata. Abokan aiki sun zo daga Shetimari da Geskeru da Maine-Sorowa. Na ɓangaren Boso da Tumur wasu sun iso, wasu kuma saƙo suka aiko saboda halin hanya, an karanta saƙonninsu a zaure. Batu ɗaya aka tattauna: yaya malami zai koyar da duk yaran da ke gabansa ba tare da an bar wani a baya ba, kuma wane horo yake buƙata kafin a ɗora masa wannan nauyi.

Taron ya fara da duba waɗanda ke zaune a ajin Diffa na yau. Tun harin 6 ga Fabrairun 2015 a kan Boso da Diffa, an rufe makarantu fiye da 150 a jihar nan cikin shekarar 2015 kaɗai. A watan Mayun 2015 aka kwashe mutanen tsibiran Tafkin Cadi, sannan harin Boso na Yunin 2016 ya sake tarwatsa dubban iyalai zuwa gefen babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1. Ga kuma ƴan gudun hijirar da suka tsallako kogi daga Damasak da Malam Fatori, wasunsu a sansanin Sayam Foraj, mafi yawa a cikin gari tare da mu. Yaran da aka goyo a baya a wancan lokaci sun girma. Ƙannensu ne yanzu ke cika azuzuwanmu.

An daɗe a kan maganar harshe fiye da yadda aka tsara. Wata malama mai koyar da aji na farko, CI, ta kwatanta wa taro safiyarta. Ita Bahaushiya ce da aka turo daga yamma. Yawancin yaranta Barebari ne, da Kanuri suke mafarki. A benci na uku akwai ƴan Fulani biyu, a gefensu ɗan Buduma wanda iyayensa masunta ne kafin a tashe su daga tafki, can baya kuma wani yaro mai shekara goma sha ɗaya da ya fara karatu da Turancin Ingilishi a Barno, aka mayar da shi farko. Rubutun da ke kan allo kuwa Faransanci ne, harshen da babu ko ɗayansu da ke jin sa a gida. Ta ce dabarar da ta cece ta ita ce ta zaɓi yaro mai jin harshe biyu a kowane benci ta mai da shi tafinta, ita kuma ta riƙe ƙaramin littafi tana rubuta kalmomin Kanuri da yara ke koya mata. Babu wanda ya koya mata wannan a makarantar horar da malamai. Da aka tambayi zaure wa ke yin irin haka, hannuwa suka tashi ko'ina.

Taron ya tunatar da magabata cewa koyarwa da harshen uwa ba sabon abu ba ne a Nijar. An fara makarantun gwaji tun 1973, kuma dokar harsunan ƙasa ta 2001 ta ambaci Kanuri da Fulatanci da Tubanci da Buduma da Larabci tare da Hausa da sauransu. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa ita kaɗai harshen ƙasa, kuma a Diffa Hausa ce ke haɗa mutane a kasuwa da tasha. Sai dai taron ya yi ittifaƙi cewa yaro ɗan shekara shida daga ƙauyen Mobar ko Manga, wanda bai taɓa fita garinsu ba, da Kanuri zai fi saurin gane baƙi da wasali. A fara masa da harshen da ya sha a nono, sauran su biyo baya.

A kan yara masu naƙasa ne aka sami saɓani, kuma sanarwar nan ba za ta ɓoye shi ba. Wani ɓangare na mahalarta ya nemi a gina wa Diffa makaranta ta musamman ta makafi da kurame. Hujjarsu mai ƙarfi ce: makarantar makafi ta Soli Abdurrahman da ta kurame ta Hasan Bana Ba duk a Yamai suke, tafiyar da ta haura kilomita 1,300, kuma wace uwa ce za ta saki ɗanta makaho ɗan shekara bakwai ya yi wannan nisa? Ɗaya ɓangaren ya ce ko an gina ta a garin Diffa, yaron Geskeru ko Gigimi ba zai same ta ba, kuma kafin a aza tubalin farko wani rukunin yara ya wuce shekarun shiga makaranta. Wakilin makafi ne ya raba gardamar. Ya ce shi abin da ya fi amfanarsa a rayuwa bayan rubutun makafi shi ne abokan da ya yi zama da su masu gani. Taron ya tsaya a kan cewa yaro ya shiga makarantar unguwarsu, a samar da malamai ƙwararru a rubutun makafi da maganar hannu da za su riƙa zagayawa makaranta zuwa makaranta, tare da aji guda na share fage a babban gari domin masu buƙatar fara koyon waɗannan kafin su shiga cikin sauran yara.

Doka tana bayan wannan matsayi. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan Nijar ne. Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma yi dokarta ta kanta a watan Disambar 2019. Abin da ya rage shi ne takardun su sauka cikin aji.

Wani abin da taron ya lura da shi shi ne yawancin yaran da ake bari a baya naƙasarsu ba ta fito fili ba. Wani darakta ya ba da labarin yarinyar da aka shekara ana kira mai taurin kai, ana zaunar da ita a bencin ƙarshe, har wata rana aka kira sunanta daga baya da ƙarfi ba ta waiga ba. Ashe kunnenta ɗaya ya mutu tun wani zazzaɓi da ta yi tana ƙarama. Aka dawo da ita gaba, malami ya daina magana yana fuskantar allo, ya riƙa barin ta ga bakinsa. Kafin ƙarshen shekara tana karanta jimla. Ko dala ba a kashe ba. Haka yaron da ke matse ido yana kwafar kuskure daga allo, da wanda ke shigewa ƙarƙashin benci idan ƙofa ta bugu da ƙarfi, saboda abin da kunnensa ya taɓa ji da dare a garinsu. Irin wannan yaro bulala ƙara masa ciwo take yi. Taron ya yi tir da duka a aji, ya kuma yarda cewa har yanzu akwai masu yi a cikinmu.

An taɓo halin ƴan mata, musamman a ƙauyukan da tsoro ya shiga zukatan iyaye tun sace mata da yara a Ngalewa a watan Yulin 2017. An tunatar da diraktoci cewa dokar gwamnati ta Disambar 2017 kan kare karatun ƴa mace tana nan, a yi aiki da ita. An kuma yi maganar yaran da ke ɓacewa daga aji lokacin tsinkar tattasai, da ƴaƴan makiyaya masu tashi da dabbobi, da ambaliyar Komadugu da ta kori mutane a 2019 da 2022 da 2024. A 2024 ma sai da aka ɗage komawa makaranta a faɗin ƙasa zuwa 28 ga Oktoba saboda ruwa. Duk yaron da ya yi wata biyu ba ya nan, idan ya dawo sai ya tarar da jirgi ya tashi, kuma ba mu da wani tsari na cim masa.

Daga nan aka shiga batun da ya fi zafi, wato horon malami. Ba mu manta da jarrabawar da aka yi wa ƴan kwantaragi a watan Yulin 2017 ba, wadda kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami matsakaicin maki. Mun kuma san binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na yaran da ke kammala firamare a Nijar ne suka kai matakin da ake so a karatu. Taron bai musanta waɗannan alƙaluma ba. Abin da ya ce shi ne an auna malami, an faɗa wa duniya rauninsa, amma maganin da ya biyo baya bai kai girman ciwon ba.

Horaswa kam ana yi a Diffa, watakila fiye da wasu jihohi, albarkacin ƙungiyoyin agaji. Matsalar ita ce yadda ake yin ta. Malami ɗaya sai ya halarci bita uku a kan abu guda daga ƙungiyoyi uku, maƙwabcinsa na ƙauye bai taɓa shiga ko ɗaya ba. Ana kiran bita a tsakiyar mako, a bar yara babu kowa. Wanda aka horar ya karɓi kuɗin zama da takardar shaida, ya koma, babu mai zuwa ya ga ko ya gwada abin da ya koya. Takardar ba ta ƙara masa matsayi, ba ta kusantar da shi ga shiga aikin gwamnati na dindindin. Bayan shekara ɗaya ko biyu ya nemi canjin wurin aiki, ya tafi da iliminsa Damagaram ko Maraɗi. Mu ma muna da namu laifin: akwai waɗanda tambayarsu ta farko idan an ce bita ita ce nawa ake bayarwa.

Taron ya ga cewa muna da kayan gyara a hannu, wato zaman CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna ke haɗuwa su kalli darasin ɗayansu su yi gyara. A wurare da dama zaman ya koma cika takarda, a wasu kuma ya mutu saboda rashin kuɗin mota da matsalar tsaro. Duk da haka nan ne kaɗai malamin ƙauye ke ganin wani malami yana koyarwa a aji irin nasa, da yara irin nasa.

Saboda haka taron ya ɗaukar wa kansa waɗannan alƙawura. Cikin makonnin farko na kowace shekarar karatu, kowane mamba zai gwada ji da ganin yaran ajinsa ta hanya mai sauƙi, ya sake tsarin zama, ya miƙa sunayen waɗanda ake zargin suna da matsala ga darakta domin a kai su asibiti da sanin iyaye. Kowane zaman CAPED zai ware darasi guda da za a koyar a gaban abokan aiki a ajin da ke da yaro mai buƙata ta musamman. Duk wanda ya je bita zai maimaita ta ga abokan aikinsa kafin wata ya cika. Za mu kuma tattara kalmomin aji na yau da kullum cikin Kanuri da Fulatanci da Hausa, da Buduma da Tubanci da Larabci inda muka sami masu taimaka mana, mu ba duk sabon malamin da aka turo jihar nan.

Ga ofishin ministan ilimi da hukumomin ilimi na jiha, taron yana roƙon a sa koyar da yara masu buƙata ta musamman cikin darussan dole na makarantar horar da malamai ta Diffa, tare da gwaji a aji na gaske. A riƙa lissafa horon da malami ya samu wajen ƙarin girma da ɗaukar ƴan kwantaragi aiki. A biya ƴan kwantaragi a kan lokaci, domin wanda bashin mai shago ya hana barci ba zai tsaya lura da yaron da ba ya ji ba. A yi la'akari da harshe wajen tura malaman ƙananan azuzuwa. Game da azuzuwan zana, gobarar Yamai ta Afrilun 2021 da ta Maraɗi ta Nuwambar 2021, waɗanda suka ci rayukan ƙananan yara, sun isa gargaɗi, kuma yaron da ke rarrafe ko wanda ba ya gani shi ne na ƙarshen fita. Duk sabon ajin da za a gina a yi masa gangara a bakin ƙofa, da makewayin da gurgu zai iya shiga. Muna kuma tunatar da cewa Nijar ta sa hannu a sanarwar kare makarantu ta Oslo tun 2015.

Ga ƙungiyoyin agaji, muna godiya, muna kuma roƙon su haɗa jadawalinsu wuri guda a hannun hukumomin ilimi, su mai da bita lokacin hutu, su rage kuɗin zauren taro su ƙara na bibiya a aji.

Kira na ƙarshe ga iyaye ne, da sarakuna, da limamai, da masu unguwanni. Akwai yara a bayan danga da ba a taɓa rubuta sunansu a makaranta ba, don kunya ko don an ɗauka ba za su iya ba. Mambobinmu tare da uwayen yara za su bi gida-gida kafin rajistar shekara mai zuwa. Idan sun yi sallama a ƙofarku, ku fito musu da yaron.

An yi a Diffa.
Kwamitin rubuta sanarwa, a madadin mahalarta taro.