Maƙabartar Père Lachaise: A bar ƙofa a buɗe, a ƙara tsaro

A birnin Paris na Faransa, inda tikitin gidan tarihi na Louvre ya haura Yuro 20, akwai wani lambu mai faɗin hekta 44 da ba a karɓar ko sisi a ƙofarsa. Maƙabartar Père Lachaise ke nan, wadda sama da mutum miliyan uku ke ziyarta duk shekara. Ga dubban itatuwa, ga hanyoyi shimfiɗe da duwatsu, ga kujerun hutawa. Ɗalibi ko baƙon da guzurinsa ya ja baya zai iya wuni a ciki bai taɓa aljihu ba.

Wanda ya saba da zuwa maƙabarta don rakiyar gawa ko addu'a kaɗai zai ji abin banbaraƙwai. To amma wannan wuri da talla aka raya shi tun farko. An buɗe shi a 1804, zamanin Napoleon, a wajen gari, mutanen Paris kuwa suka ƙi shi saboda nisa. Kaburbura 13 kacal aka yi a shekarar farko. A 1817 hukuma ta kwaso ƙasusuwan da aka ce na marubuta Molière da La Fontaine ne ta sake binne su a can. Nan da nan masu hannu da shuni suka shiga rububin sayen fili kusa da manya.

Farin jinin ya zo da nasa ciwon kai. Shekara da shekaru masoya marubuci Oscar Wilde suna shafa jambaki su sumbaci dutsen kabarinsa, yawan wankewa kuma yana cinye dutsen, har sai da aka kewaye shi da gilashi a 2011. Kabarin mawaƙin Amurka Jim Morrison, wanda ya mutu a 1971, shi ma shinge aka sa masa, bayan masu ziyara sun cika kaburburan maƙwabtansa da rubuce-rubuce. Abin da ake yawan mantawa shi ne har gobe ana binne mutane a nan. Iyalin da ke bin gawar mahaifinsu kan yi kiciɓis da ayarin masu hoton ɗauki-kanka.

Mafita mafi sauƙi ita ce a sa kuɗin shiga, kamar yadda ake yi a maƙabartar Highgate ta Landan, inda Karl Marx yake kwance. Wannan ba zai yi magani ba. Tikiti talaka yake kora, mara kunya kuwa biya zai yi ya shiga, ya ma ɗauka ya sayi wurin.

Kuma abin da ke cikin Père Lachaise na kowa ne. Akwai bangon da aka jera mayaƙan juyin juya halin Paris 147 aka bindige su a watan Mayun 1871. Akwai gine-ginen tunawa da waɗanda aka hallaka a sansanonin 'yan Nazi. Akwai sashen Musulmi da aka buɗe a 1857 bisa roƙon ofishin jakadancin Daular Usmaniyya. Bai kamata ɗan makaranta ya nemi kuɗi kafin ya tsaya gaban waɗannan ba.

Dokokin suna nan: ba a baje shimfiɗar cin abinci, ba a shan giya, ba a gudun motsa jiki, ba a shiga da kare. Abin da ya rage wa hukumar birnin Paris, wadda wurin ke hannunta, shi ne ta ƙara masu gadi a kaburburan da aka fi yi wa cincirindo, ta kuma tilasta wa masu jagorar 'yan yawon buɗe ido su janye ayarinsu daga duk layin da ake jana'iza har a gama.