Kachalla da laka: abin da ke cike Kogin Haɗejia

Duk shekarar da ambaliya ta ci gonakin Jigawa, kamar 2022, sai maganar yashe Kogin Haɗejia ta dawo. Amma laka ba haka kawai take taruwa ba. Ruwa mai gudu da hautsinewa ne ke ɗaga ta daga ƙasan kogi ya wuce da ita. Madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) sun rage ƙarfin ruwan damina, sun kuma hana kogin ƙafewa da rani, sai kachalla ta samu gindin zama. Ita ke tare ruwa ya lafa, laka ta kwanta, hanya ta toshe. Yashe kogi ba tare da sare kachalla da gyara tsarin sakin ruwa ba, aikin baban giwa ne, kuma mai sayen shinkafa ne zai biya.