Mazauna Jirgi Na Can Da Mazauna Jirgi Na Gida

Ni ɗan Dutse Uku ne a Jos, inda duwatsu suka fi ruwa yawa. Iyakar ruwan da na sani ina yaro shi ne kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, su ma iyayenmu sun hana mu kusantarsu. Shi ya sa ranar da na ga wani Bature a talabijin ya sayar da gidansa ya tare a jirgin ruwa mai tafiya da iska, yana yawo tsakanin tsibiran Karebiyan, yau ya kwana nan gobe can, sai na saki baki. Daga baya na karanta labarin Joshua Slocum, wanda ya zagaye duniya shi kaɗai a irin wannan jirgi daga 1895 zuwa 1898.

To amma ya kai mai karatu, ashe abin da nake hange a nesa yana nan a gida. Sarkawan Yawuri da masuntan Kabi sun daɗe suna loda iyali da tukwane da taru a jirgi, su bi Kwara wata da watanni, wasu ma har Tafkin Chadi. A jirgin ake girki, a gefensa ake banda kifi. Bambancin kawai, Bature nishaɗi ya kai shi, su kuwa neman abinci. Nasa an rubuta littattafai a kai, namu fa?

Nan ne nake ganin laifinmu, mu ɗaliban Hausa. Kowace shekara kundayen kammala karatu ba su wuce karin magana da finafinan Kano. Wa ya je ya zauna da Sarkin Ruwa ya rubuta sunayen sassan jirgi, da na igiyar ruwa, da yadda ake gane wuri mai zurfi da gora? Ni kaina sai kwanan nan na bambance birgi da homa, abin kunya!

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Madatsar Kainji ta 1968 ta tashi garuruwa da dama na bakin kogi, inji ya ture filafili, tsofaffin da suka san kalmomin suna ta ƙarewa. UNESCO ta karrama bikin Argungu a 2016, amma bikin 'yan kwanaki ne. Ina roƙon malamanmu su tura ko da mutum biyu Yawuri bana. In an rasa mai zuwa, ga ni, in dai za a ba ni rigar kariya, don har yau ban iya iyo ba.