Ayarin Ƙwallon Kwando Ma Yana Buƙatar Madugu

Yaron da ya tashi a Yakasai ko Zango ba ya buƙatar kuɗin mota kafin ya ga ƙwallon kwando. Da ƙafa zai taka zuwa Ƙofar Mata, ya shiga ɗakin wasanni na filin Sani Abacha, inda Kano Pillars ke karɓar baƙi. Lissafi yana soma rikicewa ne ranar da ƙungiyar su yaron ta yi nasara, aka ce sai gaba.

Gaban nan kuwa da nisa. Gasar Milo ta makarantun sakandare a Legas ake buga wasanninta na ƙarshe, tafiyar wajen kilomita 1,000. Wasannin matasa na ƙasa sun daɗe a Ilorin kafin a kai su Asaba a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Ko masu shirya gasa sun ɗauki wani nauyi, sauran yana wuyan iyaye da koci.

Abin mamaki shi ne a ce mutanen cikin ganuwar Kano ne ke neman wanda zai koya musu tafiya da arha. Kakanninsu sun yi ta zuwa Gwanja saro goro, su shafe watanni a hanya, kuma su dawo da riba. Ba ɗaiɗai suke fita ba, ayari ake yi, madugu yana gaba, shi ke ciniki da yawun kowa. Ƙungiyar da ta naɗa dattijo guda ya je tasha tun da mako biyu ya yi shatar mota ba za ta biya abin da yara goma sha biyu za su biya ba in kowa ya yanki tikitinsa da safiyar tafiya. Kuɗin ma ba sai an jira takardar gayyata ba. Adashin wata-wata tun farkon zangon karatu ya fi yawon neman taimako a ƙurarren lokaci.

Sai guzuri. Abincin bakin titi shi ke cinye aljihu a ɓoye, ya kuma ɓata cikin ɗan wasa ana gobe karawa. Gurasar Jakara za ta kai yini biyu, dambun nama da ƙuli-ƙuli da dabino da garin kwaki kuwa har a dawo. Uwar da ba ta da kuɗin bayarwa, in aka ce ta soya dambun ƙungiya, ta ba da nata kason ke nan.

Masauki ya fi komai tsada, nan ne kuma Bakano ya fi kowa gata. Fatake a zango suke sauka, wurin maigidan da ya san gari. Har yau akwai Hausawa jingim a Agege da Idi-Araba a Legas, ita Idi-Araba ma ba ta da nisa da babban filin wasa na Surulere. Wayar da mai unguwa zai buga wa ɗan'uwansa a can tana iya sauke rabin nauyi, muddin iyaye sun san gidan, kuma 'yan mata suna tare da malamarsu.

Wuri ɗaya ne mai wannan shafi ba ya yarda a yi tsimi. Ranar 31 ga Mayun 2025, motar da ta ɗauko tawagar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a yankin Dakatsalle, saura ƙiris a iso gida. Sama da mutum 20 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ambaci gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare. Don haka rarar da aka samu daga dambu da masauki tana da wurin zuwa: direba na biyu, da kwana guda a hanya, ko a Ilorin ko a Lakwaja, a tashi bayan sallar asuba.