Dinari ya faɗi, hatsin Nijar ya tsaya: me ya rage a tukunyar Bahaushe a Sabha?

Wata Lahadi, muna tsakiyar darasin lissafi wajen ƙarfe goma na safe, wata yarinya a ajina ta kifa kai a kan tebur. Na taɓa goshinta, babu zazzaɓi. Na ce me kika ci kafin ki fito? Ta ce shayi da hubza. Jiya da dare fa? Makarona. Da rana? Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce makarona. Sauran yaran suka fashe da dariya, sai na juya na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, dariyar ta mutu, domin kusan duk amsarsu ke nan. Wanda ya ce ya ci tuwo a makon bai cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ba yunwa irin ta cikin da babu komai nake magana a kai ba. Alhamdu lillahi, a Gurda da Mahdiyya da Manshiyya da wuya ka samu gidan Bahaushen da ba a ɗora tukunya. Abin da ya same mu shi ne tukunyar ta ƙuntata, ta koma fulawa safe, fulawa rana, fulawa dare, sai dai a canza mata suna. Yaro ya ƙoshi amma jikinsa bai samu abin ginuwa ba, kuma mu malamai mu ne muke fara ganin haka, tun kafin iyaye su lura.

Dalilin farko kowa ya san shi a aljihunsa, ko da bai san lissafinsa ba. A watan Janairun 2021 Babban Bankin Libiya ya mayar da dala ɗaya dinari 4.48. A watan Maris na 2024 aka ɗora harajin kashi 27 cikin ɗari a kan sayen kuɗin waje, daga baya aka rage shi. A watan Afrilun 2025 kuma aka sake karya darajar dinari da kashi 13.3 cikin ɗari, dala ta koma wajen 5.57 a farashin banki, na kasuwar bayan fage kuwa ya fi haka. Ƙasar da take shigo da mafi yawan alkamarta da shinkafarta da man girkinta daga waje, duk ranar da kuɗinta ya rage ƙarfi, a kicin ake jin zafin. Mun riga mun ɗanɗana a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin fulawa, tunda daga can ne yawancin alkamar take zuwa.

Sai kuma namu na kudu. Kayan da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Misrata ko Tarabulus sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 700 kafin ya iso Sabha, kuma kowane shingen hanya da kowace litar man dizal suna shiga cikin kuɗin katan ɗin tumatir. A takarda litar fetur dirhami 150 ce, wato ba ta kai ko rubu'in dinari ba, amma wanda ya zauna a garin nan ya san sau nawa ake samunta a haka. Tukunyar gas ma haka take, wani lokacin ka yi kwanaki kana nema, in ka samu a hannun 'yan bumburutu ka biya ninkin ba ninkin. Ba mu kaɗai ke kuka ba. A Janairun 2024 mutanen Fezzan da kansu suka rufe rijiyoyin man Sharara kusa da Ubari, kuma rashin mai da lalacewar ayyukan gwamnati a kudu na cikin abin da suka ce ya fito da su. Man daga nan yake fita, ruwan da Tarabulus ke sha ma daga Jabal Hasawna ake tura shi, amma matar da ke Sabha ita ce take lissafin sau nawa za ta kunna murhu a yini.

Dalilin da ya fi shafar mu Hausawa, wanda maƙwabtanmu Larabawa ba su ma san da shi ba, daga kudu ya taso. Shekara da shekaru gero da wake da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa suna biyo hanyar Agadas, su bi ta Dirku da Madama, su shigo ta Tummo da Gatrun, a ƙarƙashin kujerun motocin da ke kawo mutane. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta sanar da hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Ba na ganin laifinsu, wallahi, domin shekarar an yi ambaliya mai tsanani a can, kuma gwamnatin da ta bar hatsi ya fice alhali mutanenta na nema ita ma za a zage ta. Amma daga lokacin, ɗan abin da yake ƙetarowa ya zama na ɓoye, kuma abin ɓoye tsada gare shi. Ga kuma sefa, wadda aka ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta bin dinari ƙasa. Ma'ana tiyar geron da aka saya a Damagaram da sefa kullum ƙara nauyi take yi a dinari, kuma kuɗin da magidanci ke aikawa gida kullum raguwa yake yi in ya isa. Sai ya ƙara abin aikawa, ya rage na cefane. Can gida ba su sani ba, su dai sun ga saƙo ya zo.

To, ana cikin wannan ne na fara kula da wani abu da da nake rainawa. Matanmu, in sun haɗu wajen suna ko a ƙofar makaranta lokacin ɗaukar yara, hirar da ta fi yawa yanzu ita ce me kika dafa, da me kika haɗa, nawa ya ci miki. Da ina ɗaukar wannan hirar zaman banza. Yanzu ina ganin babu wata hukuma ko ƙungiya da ta yi wa gidajenmu aikin da hirar nan take yi.

Bari in ba da misalai, don ba na son a ce Malama ta cika surutu ba ta kawo komai ba.

Wata dattijuwa 'yar Damagaram da ke bayan gidanmu, wadda duk unguwa ke kira Inna, ita ta koya mini tuwon sha'ir. Mutanen Libiya da garin sha'ir suke yin bazin, su dafa curin a ruwan gishiri sannan su buge shi da sanda har ya yi tauri. Inna ta ce, “'Yata, ai wahala ce wannan, ki yi masa talge kawai.” A tankaɗe garin sau biyu saboda dusa, a haɗa kashi biyu na sha'ir da kashi ɗaya na simid, a yi talge, a bar shi ya nuna sosai, a tuƙa, a rufe ya sulala. Launinsa ya fi na tuwon dawa duhu kaɗan, amma yana riƙe ciki har la'asar, kuma ɗumamensa da safe ya fi shayi da hubza nesa ba kusa ba. Miyar kuma ba sai an jira kuka daga Agadas ba. Mulukiyyar da ake sayarwa a niƙe a kowane shagon kayan ƙamshi ai lalo ce. Su suna soya ta da mai su dafa ta awanni, mu kuwa a tafasa ruwa da albasa da barkono da ɗan daddawa, a jefa ƙwayar kanwa, a kaɗa garin da maburgi kamar yadda ake kaɗa kuka, minti goma ta yi. In babu nama, a juye gwangwanin kifi ɗaya a ƙarshe. Kanwar ma ba baƙuwa ba ce a nan, an daɗe ana ɗebo ta daga tafkunan da ke cikin rairayin Ubari, trona suke ce mata.

Geron kansa, mun daɗe muna yi kamar sai na gida ne gero. Manoman Fezzan tun kakanninsu suna shuka shi da rani, suna ce masa gasab, dawa kuma gafuli. Ba shi da yawa, wasu ma don dabbobi suke nomawa, amma wanda ya yi tambaya a kasuwa zai samu. Ƙwayarsa ba ta kai ta Maraɗi ƙamshi ba, wannan gaskiya ne, sai dai yana yin kunu, yana yin fura, kuma laban ɗin kwali yana tsayawa a madadin nono. Ni kunun da nake ba yarana kafin makaranta ke nan: gyaɗa markaɗaɗɗiya, garin gasab, ɗan tsamiya, sai dabino huɗu ko biyar da aka jiƙa aka dama a ciki maimakon sukari. Muna zaune a ƙasar dabino muna sayen sukarin da aka ɗauko daga ƙetaren teku, abin ma da ban dariya.

Makaronar da nake kuka da ita ma ba ita ce mai laifi ba, yadda muke cin ta tsura ne. Imbakbaka tukunya ɗaya ce, ga sauƙin gas. In aka zuba kofi ɗaya na adas tun ana tafasa ruwan tumatirin, kafin a saka makaronar, ya nuna tare da ita, yaro ya samu abin da wake ke bayarwa ba tare da an ƙara wuta ba. Kuskus kuma dambu ne da ya rasa ganye. A turara shi a madambaci, a haɗa da zogale in an samu, in babu a yanka silik ko alayyafo, a zuba dakakkiyar gyaɗa da albasa da mai. Wata uwar ɗalibina 'yar Tawa ce ta nuna mini dabarar wake: a jiƙa tun dare, da safe a tafasa shi sosai kamar rubu'in awa, a sauke, a naɗe tukunyar da bargo biyu a ajiye a lungu, kafin a dawo daga makaranta ya yi laushi. Na gwada ban yarda ba, sai ga shi ya yi. Ranar da gas ya ƙare ƙaf kuwa akwai zummita, garin sha'ir soyayye da ake kwaɓawa da ruwa da man zaitun, kusan gumbarmu ce, ba ta neman wuta.

Na san akwai masu cewa wannan duk sakin al'ada ne, yara za su tashi ba su san tuwon gida ba, sun zama Larabawan ƙarfi da yaji. Ina jin tsoron nan, ni ma uwa ce. Amma wanda ya san tarihin hanyar nan ba zai ce haka da ƙarfi ba. Ayarin da ke tashi daga Kano ya bi ta Agadas da Gat ko Murzuk zuwa Tarabulus ba fata da tufafi kaɗai ya ɗauka ba. Gurasar da Bakano ke alfahari da ita a yau, da alkaki, da kalmar alkama kanta, duk daga bakin Larabawa suka shigo mana, kuma fataken arewacin Afirka sun zauna a birnin Kano har unguwarsu ta samu suna, Dandalin Turawa. Kakanninmu sun karɓa sun mayar nasu. Abin da ke sa miya ta zama tamu daddawa ce da yaji da hannun mai kaɗawa, kuma su ukun ba su da nauyin da zai gagari hanya. In za a kashe dinari a kan kayan gida, a kashe a kan daddawa da kuka, waɗanda ƙulli ɗaya ke yin wata. Buhun gero daga Nijar a wannan farashin, don kawai a ce na gida ne, ban ga hikimarsa ba.

Sai dai kada a ɗora wa matan abin da ya fi ƙarfinsu. Dabarar girki ba ta mayar da dinari inda yake, ba ta kawo tukunyar gas. Kuma akwai waɗanda hirar nan ba ta isa gare su ko kaɗan: samarinmu masu aikin gini da gonaki, da suke kwana goma goma a ɗaki ɗaya, abincinsu hubza da harisa da kifin gwangwani daga Asabar zuwa Asabar. Su babu Inna a bayan gidansu. Akwai kuma matsalar tsabar kuɗi, wadda ta sa mai albashi ya yi layi a banki ya dawo hannu wofi, mai shago kuma ya ƙara farashi in da kati za a biya. Mu da muke koyarwa a makarantun kuɗi, in iyaye ba su samu tsaba ba mu ma albashinmu jinkiri yake yi, na taɓa yin wata biyu ina cin bashin mai shagon unguwa. Yawancin mutanenmu ma ba su da asusun banki, da tsaba ake biyan su, kuma da Babban Banki ya janye takardar dinari 50 daga hannun jama'a, waɗanda suka tara nasu a ƙarƙashin katifa sai da suka nemi mai asusu ya canza musu, wasu da ragi.

Abin da na ga yana aiki, ko da kaɗan ne, shi ne haɗa hannu wajen saye. Gida biyar a layinmu muna haɗa kuɗi duk farkon wata, a sayo buhun sha'ir da na adas da jarkar mai a farashin sari, a raba da kwano. Magidanta ne suka fi jan ƙafa da farko, wai kada a san sirrin gidansu, kamar akwai wanda bai san halin da ake ciki ba. Ina ganin shugabannin al'ummarmu da limaman da ke tara mu ranar Juma'a za su iya faɗaɗa irin wannan har ya kai ga ɗakunan samarin nan, tunda sun iya tara kuɗin kai gawa da na belin wanda aka kama.

Uwar yarinyar nan ta zo makaranta bayan kwana biyu, ranta a ɗan ɓace, tana zaton na kunyata 'yarta a gaban aji. Na ba ta haƙuri, domin da gaskiyarta, bai kamata in yi tambayar a bainar yara ba. Muka zauna a inuwa na kwatanta mata kunun gasab da dabino. Ta ce, “Malama, gasab ɗin nan ba na tantabaru ba ne?” Na ce shi ne, a wanke shi sau uku a shanya. Ita kuma kafin ta tashi ta koya mini yadda take yin ɗanwake da fulawa da garin hummus, tunda garin wake ya yi tsada, ta ce a ƙara kuka kaɗan fiye da yadda aka saba, in ba haka ba zai watse a ruwa.