Ba Hagu-Dama Kaɗai Suka Koya Ba

Na ji waɗansu 'yan makaranta suna cewa wai sojojinmu da suka tafi Bama yaran Turawa ne kurum, ba abin da suka iya sai hagu-dama. Haba samari! Wanda bai sha rana ba ya raina inuwa.

Tsofaffin soja sun sha ba da labarin barikin Zariya, inda ake horon kurata: a aske wa mutum kai, a ba shi kaki, a tashe shi tun assalatu, saje na tsawa, fareti har ƙafa ta kumbura. Wannan horo shi ya riƙe su a 1944, sa'ad da runduna ta 81 ta ratsa kwarin Kaladan, ba hanyar mota, kaya a ka, abinci sai jirgin sama ya jefo. A Janairun 1945 su da runduna ta 82 suka ƙwace Myohaung daga hannun Japan.

Gaskiya ne albashinsu bai kai na sojan Bature ba, kuma ba dukansu suka shiga da son ransu ba, waɗansu sarakuna suka turo. To, wannan abin kunyar wane ne, mai ɗaukar kaya ko mai ɗora masa?

Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ku tambayi iyayenku abin da suka ji daga bakinsu, ku rubuta kafin ya ɓace. Allah ya jiƙansu, amin.